Cibiyar Jikana a Tsibirin Masu Keke

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba. Ina faɗi ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Tibiri. A bayan rumbunmu akwai gawo. Duk ɗan da anka haifa a gidanmu, tun daga kakan maigidana, Allah ya jiƙansu, a gindin gawon nan anka binne cibiyarsa, kuma ba a barinta ta wuce ranar suna a sarari. Haka munka tarar. A wurinmu jariri baƙo ne. Sai ƙasa ta riƙe cibiyarsa yake sanin ana so ya zauna.

Autata Salmu tana aure a Faransa. Mijinta Isuhu ɗan Dogon Dutsi ne, mai gemu da ɗangalallen wando. Yana da ladabi, amma irin samarin nan ne da duk abin da munka gada sai sun nemi ayarsa. Sau biyu Salmu tana haihuwa a can, sau biyu ɗan yana komawa. Na tambaye ta a waya abin da anka yi da cibiyoyin, ta ce, "Inna, asibiti ba su ba mu komai ba." Da ciki na uku ya tsufa sunka aiko in je wankan jego, sai na tafi gindin gawo na ɗebi jar ƙasa cikin tafin hannu, na ƙulle a haɓar zanena. Da ita na ƙetare.

Tafiyar jirgi ba ni da labarinta, idona a rufe na yi ta.

Zangon farko da na buɗe ido shi ne wata gada. Isuhu na tuƙi, ina baya. Na duba dama ruwa, na duba hagu ruwa, ba gaɓa. Ni kuwa babban ruwan da na sani shi ne tabkin garinmu, wanda dabbobi ke shanyewa kafin bazara. Ba a yi wa suruki magana kai tsaye, sai na tambayi gilashin mota, na ce, "Wannan kogin ko me sunansa?"

Isuhu ya ce, "Teku ne, Inna. Garin da muke zaune tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi ko ta ina."

Na ce a raina, to wa ya aike su?

Zango na biyu gidansu ne, can saman bene. Salmu ta sha ce mini a waya suna da lambu. Ashe lambun ƴan tukwane ne a bakin taga, ƙasar cikinsu ma a leda ake sayo ta a kanti. Ɗaki biyu ne kawai. A garinmu in na hango suruki tafe sai in sake hanya, nan kuwa a ƙofar makewayi muke cin karo, shi ya sunkuyar da kai, ni in sunkuyar da kai, kowa ya rasa inda zai bi. Na tarar Salmu ta haifi namiji, amma sai da anka yi mata aiki. Wankan da na ƙetare duniya dominsa likita ya hana. Ba itace, ba ganye, ba tukunyar ruwan zafi. Kunun kanwa kaɗai na samu na dama mata.

Aikin Isuhu gyaran keke ne a wani shago da ke ba baƙi haya. Kekunan shagon duk ruwan ɗorawa ne, irin rigar aikinsa. Ƙarƙashin tagarmu akwai wata siririyar hanya da anka zana hoton keke a kanta. Tun da safe suke wucewa, garke garke, maza da mata har da tsofaffi sa'o'ina, sun matse jiki cikin tufa kamar shafa musu anka yi, kowa da rabin ƙwarya a ka. Ba buhu, ba jarka, ba akuya ɗaure a baya. A garinmu in ka ga mutum yana taka keke da irin wannan ƙarfi, ko dai an yi rasuwa ko mace na naƙuda.

Na ce wa Salmu, "Wai ina kasuwar da waɗannan ke ci kullum?"

Ta yi dariya har ta dafe ɗinkinta. "Ba kasuwa, Inna. Zagaye suke yi."

"Zagayen me?"

"Jejin tsuntsaye. An ware wa tsuntsaye wani yanki na tsibirin, ba a noma, ba a gini, ba a harbi. Hanyar keken ta kewaye shi."

"To in sun zagaya sai me?"

"Sai su dawo."

"Da me?"

"Da gajiya," in ji Isuhu daga ɗaya ɗakin.

Mu da muke wuni a gona muna kaɗa gwangwani don tsuntsu ya bar mana gero, wai ga ƙasar da anka ba tsuntsu gona har da mai gadi. Na ɗauka tsokanata suke yi, na bar maganar.

Ana jibi suna cibiya ta faɗi. Na tsince ta cikin tsumma, ƴar baƙa kamar busasshiyar kuɓewa, na ƙulle ta wuri ɗaya da ƙasar gawo. Na ce wa Salmu ta tambayi mijinta inda ake samun ƙasa a garin nan. Isuhu ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ki gafarce ni. Allah ne ke rayawa, ba gawo ba. Wannan abu ba shi da asali a addini. Kuma nan ko ina da mai shi. In anka gan ki kina tono, jandarma za a kira."

Ba a yi wa suruki musu. Sai na ɗauki jaririn na yi magana da shi. Na ce, "Kai baƙo, ka ji. Yayyenka biyu sun zo, ba wanda ya ce musu su zauna. Ni dai zan ce maka."

Salmu ta juya fuska bango. Isuhu ya tashi ya fita.

Washegari da ya tafi aiki, barci ya ɗauke Salmu, na ɗauki babban cokalin ƙarfe na sauka. Dabarata ɗaya ce. An ce hanyar keke tana zuwa jeji, jeji kuwa ba ya rasa ƙasa.

Zango na uku hanyar nan ce, kuma ba ta san mai tafiya a ƙasa ba. Na koma dama an kaɗa mini ƙararrawa, na koma hagu an kaɗa. Suna wucewa kamar iska, ba sannu ba ina gajiya. Gefen hanya in ba bango ba to waya ce. Na iske wasu fangaloli shimfiɗe kamar na albasa, amma ruwa ne a ciki, wani mutum yana jan wani farin abu da doguwar hauya. Na tsoma yatsa na lasa, gishiri. Na tuna gishirin Foga da ake kawo mana kasuwa, zuciyata ta yi sanyi kaɗan. Amma ƙasar da ke haifar gishiri ba wurin ajiyar cibiya ba ce, na wuce.

Gaba na iske wata bukkar katako. Mutane a ciki sun yi tsit, suna leƙe ta wata tsaga da wani abin hange mai ido biyu. Na ce maharba ne, na duba ban ga bindiga ba. Wata ta miƙo mini abin. Ina sa ido sai ga zalɓe a kan hancina, na yi baya ina a'uziyya, su kuwa suna ce mini shhh. Da na fito na ga balbela tsaye a ciyawa, irin wadda ke bin shanu a garinmu, ba ta canza ko gashi ɗaya ba. Na gaishe ta. Na tambaye ta mutanen gida. Ban san lokacin da hawaye sunka zubo mini ba.

A bayan bukkar akwai ƙasa mai laushi. Na durƙusa, na sa cokali ke nan sai ga wata mace mai koren kaya a kaina. "No, Madam, no, no," tana nuna mini wani allo mai hoton tsuntsu. Ba ta yi mini tsawa ba, amma ba ta gusa ba sai da na mayar da ƙasar da na tona. Na ce lallai maganar Salmu gaskiya ce, ga mai gadin tsuntsaye.

Na yi ta tafiya har hanyar ta hau wani dogon tudu kamar ganuwa. Ina kaiwa sama na ga abin da nake nema. Fili ne, baƙar ƙasa mai damshi, shimfiɗe har ƙarshen gani, kamar fadama bayan damina. Ba waya, ba allo, ba mai gadi, sai tsuntsaye na kiwo. Ruwa yana can nesa kamar zare. Kusa da tudun akwai wani dogon turke mai jan kai. Na ce alhamdulillahi, ga ƙasar da ba ta da mai ita.

Na cire takalma na sauka, laka har idon sawu. A gindin turken na tona har gwiwar hannu. Na fara zuba jar ƙasar gawo, na ɗora ƙullin cibiya, na ƙara zuba sauran, na rufe, na danne da dutse. Na karanta abin da na iya. Sannan na yi yadda mutanen wajen Lugu, masu riƙo da gargajiya, ke yi in sun shiga wurin da ba nasu ba, na ce, "Masu wuri, ku yi haƙuri, baƙuwa ce. Ajiya na kawo." Na ce wa ƙasa, "Ki riƙe mana shi."

Zango na huɗu shi ne ɓata. Da na hau tudun, hanya ta dama da ta hagu duk kamarsu ɗaya. Na ga inda kekuna sunka fi nufa, na ce mutane dai gari suke nufa, na bi. Na yi tafiya, na zauna, na tashi na yi tafiya. Ranar ƙasar nan ba ta tsayawa a tsakar ka, inuwa ba ta shiga ƙarƙashin ƙafa, na kasa sanin ko azahar ta yi.

Akwai wani tsoho mai jar riga a kan keke mai ƙafa uku. Ya wuce ni daga baya, ya ɗaga hannu ya ce, "Bonjur." Can an jima ya sake wuce ni daga baya, "Bonjur." Can kuma ya sake. Ku yi tunani da kanku. Mutum zai wuce ka daga baya, bai dawo ta gabanka ba, ya sake fitowa daga bayanka? Na ce wannan ba mutum ba ne.

Sai ga fangalolin gishiri a gabana, da mai doguwar hauya. Sai ga bukkar katako. Ni ban juya ba, Allah shaida, gaba kawai nake yi. A Arewa mun san abin da ke sa mutum ya miƙe sak ya dawo inda ya baro. Maganar zagayen da Salmu ta yi ko kusa ba ta zo mini ba. Na ce masu wuri ba su karɓi gaisuwata ba, su ne ke juya ni.

Hanyar ta sake hawa tudun nan. Na ce to, in ajiyar ce ba su so, bari in ɗauke abata. Na kai sama na duba.

Babu fili. Babu baƙar ƙasa. Ruwa ne tun daga gindin tudu har inda sama ta taɓa shi, yana motsi yana lasar duwatsu. Ga turken nan mai jan kai, shi ne, ban ɓata shi ba, ruwa ya kai masa wuya. Ba a yi hadari ba, ba a yi yayyafi ba. Na zo in ɗaure yaro da ƙasa, na miƙa shi ga ruwa da hannuna. Na zauna a gefen hanya na ɗora hannu a ka, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar maigidana.

Kekuna sunka yi ta wucewa. Ɗaya ya tsaya, mai ƙafa ukun nan. Tsohon ya sauko da ƙyar, ya cire rabin ƙwaryar, sai ga sanƙo da furfura. Na dubi ƙafafunsa da kyau, ban ga kofato ba. Ya zauna nesa kaɗan, ya gutsuro burodi ya miƙo mini, da gorar ruwa. Na sha, don ƙishi ya fi ƙarfin tsoro.

Ba na jin nasa, ba ya jin nawa. Na yi masa da hannu: na rungumi jariri, na nuna cibiyata, na yi tono, na nuna turke. Ya daɗe yana kallon turken. Sai ya ɗaga tafin hannunsa sama a hankali, ya saukar da shi a hankali, ya nuna agogonsa, ya dafa ƙasa alamar in zauna. Ban gane komai ba. Ana cikin haka wata yarinya ta zo wucewa a kan keke ruwan ɗorawa. Na miƙe ina nuna shi ina cewa, "Isuhu! Isuhu!" Tsohon ya tsayar da ita, ya duba rubutun jikin keken, ya fito da waya.

Ba a daɗe ba sai ga Isuhu a kan keken kaya, irin mai akwati a gaba, gumi ya jiƙe rigarsa, ba hula.

"Inna! Tun hantsi Salmu ke kuka. Har jandarma mun gaya wa."

Babu jariri da zan yi magana ta bakinsa, babu gilashin mota. Ranar na fara duban surukina ido da ido. Na nuna turke na ce, "Na ba ruwa ɗanka."

Ya dubi turken, ya dubi lakar da ta bushe a ƙafafuna, ya dubi cokalin. Na jira aya. Sai ya zauna a ƙasa daɓas.

"Inna, ruwan nan zai tafi."

"Ya tafi ina?"

"Inda ya fito. Kullum haka yake, ya zo ya koma, dare da rana."

"Wa ke kiransa?"

"Wata ne ke jansa, da ikon Allah."

Na ɗaga kai, ga rana a sama, ba wata ba dalilinsa. Na ce a raina shi ma yaron nan rana ta taɓa shi. Ya ce mu je gida. Na ce ba inda za ni. Ya kira Salmu ya kwantar mata da hankali, ya dawo ya zauna. Munka zauna mu uku, ni da suruki da tsohon da ban san sunansa ba. Da ruwan gorar tsohon munka yi alwala, ya tsaya yana tare mana kekuna har munka idar da la'asar.

Sai ruwan ya fara ja da baya, a hankali, kamar baƙon da ke fita daga zaure bai son ba da baya. Ya bar wuyan turke, ya bar ƙirjinsa, ya bar gwiwarsa. Tsuntsaye sunka sauko suna bin sawunsa. Can sai ga kan dutsena yana ƙyalli.

Wandon Isuhu dama bai kai idon sawu ba, ranar ya yi amfani. Ya riga ni shiga lakar. Ya ɗaga dutsen ya sa hannu, sai ga jar ƙasa a cikin baƙa, sai ga ƙullin, jiƙe sharkaf, yana nan inda na sa shi. Ya riƙe shi a tafin hannu ya dube ni.

"Yanzu fa, Inna? Mu ɗauke?"

Na dubi inda ruwan ya koma. Duk wancan ruwan ya zo ya kwanta a kanta, ƙasar ba ta saki ba. Ina zan samu wadda ta fi ta riƙo? Na ce, "A mayar. Amma a ƙara zurfi."

Ya koma akwatin kekensa ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya tona har kafaɗa. Yana tono yana cewa, "Ba don na yarda ba ne, Inna. Don kada ki sake fita ne."

Na ce, "Na ji."

Muna cikin haka sai ga mai koren kaya a kan tudu, ta tsayar da kekenta. Na ce shi ke nan, jandarma. Tsohon ya tare ta. Ya yi ta magana, yana rungumar jariri da hannu, yana nuna cibiyarsa, duk yadda na yi masa. Ta dube mu. Sai ta ɗaga abin hangen nan mai ido biyu, ta juya mana baya, ta yi ta kallon tsuntsaye har munka gama. Isuhu ya rufe ramin ya danne da dutsen da ya fi nawa. Na ga leɓɓansa na motsi. Abin da ya karanta ban tambaye shi ba.

A cikin akwatin keken kaya na koma gida, gwiwoyina a haɓa, suruki yana takawa a bayana. Ya yi kyau da ba ma ganin fuskar juna. A wajen fangalolin gishiri ya nuna mini wata ƴar mararraba da ke komawa gari, wadda na wuce ban gani ba. Ya ce hanyar zobe ce, tsohon kuma zagayenta yake yi. Na ce to. Har yau ban gane me ya sa za a yi hanyar da ba ta zuwa ko ina ba.

Washegari anka raɗa suna, rago kuwa a Dogon Dutsi anka yanka shi. Sunan marigayi maigidana sunka sa masa, don haka Maigida nake ce masa.

Ga abin da ya samu kowa. Tsohon mai jar riga ya ci gaba da zagayensa, in ya zo ƙarƙashin tagarmu sai ya kaɗa ƙararrawa in ɗaga masa hannu, har na baro ƙasar. Salmu ta ce da sanyi ya shigo ba a ƙara ganinsa ba. Allah ya saka masa yadda ya so. Mai koren kaya tana nan tana gadin tsuntsayenta. Salmu ta warke, ta yi ƙiba, ta daina ce mini tana da lambu. Ni na dawo gindin gawona, mata suna ta tambayata labarin Faransa, in na ce musu akwai ruwan da ke zuwa ya koma ba hadari sai su dubi juna.

Maigida ya zauna. An yaye shi, yana gudu, yana fasa musu kwanoni. A garinmu Ɗan Teku ake ce masa. Ko ɗan ina ne shi, da jar ƙasarmu a sama da ƙasa, da ruwan wasu a kai, ban sani ba. Na san dai ya zauna.

Isuhu kuwa har gobe yana cewa abin ba shi da asali. Amma Salmu ta gaya mini a waya, duk keken da ya gyara sai ya ce zai fita gwada shi, kuma kullum ta kan tudun nan gwajin ke bi, inda ake hangen turke mai jan kai. Duk cikin masu zagayen tsibirin nan, shi kaɗai ne na san abin da yake zagayawa dubawa.

Nan ta tsaya. Ku karɓi kunnuwanku, na gode.